Jijiyar Malam Datti

Tun ana girbin gero Malam Datti na Kademi yake fama da zazzaɓi da ciwon baya. An yi masa allurar maleriya, an ba shi maganin taifot, jikin ya ƙi sauƙi. Da ya kai ga ba ya iya salla a tsaye, matarsa Baiwa da ƙanensa Musbahu suka kai shi Gaya, daga can aka tura su babban asibiti a birni.

Bayan an yi hoto, wata likita ta zaunar da su. Ta ce ƙwayar cuta ce ta kama babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, ta ci jikinta, wurin ya kumbura, kuma yana iya fashewa kowane lokaci. Jikin Malam ba zai jure a buɗe masa ciki ba. Sai dai a bi ta gindin cinya, a zura siririn bututu har wurin kumburin, jini ya riƙa bi ta cikinsa.

Musbahu ya yi ta tambaya. Baiwa kuwa fanka take kallo.

Ranar aikin ta zauna a baranda da carbi a hannu, ba ta ja ba. Wata mai jinya ta miƙo mata ƙosai, ta cinye ba ta ji ɗanɗanonsa ba. A ranta ta riga ta zaɓi ɗakin da za ta yi takaba.

Bayan la'asar likitar ta fito.

"An yi nasara, Mama. Amma ƙwayar ba ta gama mutuwa ba. Zai daɗe yana shan magani, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa. In zazzaɓi ya dawo, ku taho a ranar."

"To," in ji Baiwa.

Musbahu ya juya yana share hawaye. Ita kuwa ta jira farin ciki ya zo mata, shiru.

Da suka koma gida 'yan dubiya suka cika zaure. Da suka ji babu ɗinki a cikin Malam, wasu suka ce ai wannan ba tiyata ba ce. Malam Datti ya yi ta dariya.

Yanzu kullum da safe, kafin ta hura wuta, Baiwa takan ɗora bayan hannunta a goshinsa.

"Da zafi?" yakan tambaya.

"Babu, Malam."

Sai ta miƙa masa maganin da ruwa, ta tsaya har ya haɗiye, ta fita kwance awaki.