Tankin Kwana Ɗaya

Da hantsi motar ruwa ta shigo ƙauyen da ke gefen Rogo Ruma, ta tsaya gindin tankin da ya shekara biyu bai ga ɗigo ba. Zaituna, matar mai unguwa, tana leƙe ta katanga, takaici kamar ya kashe ta. Yau tanki zai sha ya ƙoshi, mutanen gari kuwa ko oho.

A zaure, Hammawa, jami'in da ya zo daga birni, yana yi wa mijinta, Abdulmutalib, bayani.

"Mai Unguwa, gwamnati ta aika wa bankin ƙasashen waje rahoton tsare-tsarenta, ta ce ƙauyuka ɗari biyu sun samu ruwa, har da naku. Yau mai dubawa za ta zo. A buɗe famfo, a yi murmushi, shi ke nan."

"Yallaɓai, in ta gani ta yarda fa?"

"Sai a cire ku daga jerin masu jira. Kai kuma rawaninka ya zauna daram."

Zaituna, da ke jin su daga ciki, ta san in aka cire su, su da kududdufi har abada.

*

Mai dubawar, Hajiya Zakiyya, ashe Bahaushiya ce. Aka buɗe famfo, aka tafa, aka ɗauki hoto. Da ta ce za ta shiga ta gaida matan gida, Hammawa da mai unguwa suka raka ta.

Zaituna ta shimfiɗa tabarma. Baƙo dai ruwa ake fara ba shi, kuma Hammawa bai manta ba, don tun safe ya aiko da jakar ruwan leda. Zaituna ta tsallake jakar, ta nufi randa. Ta cika kofi, ta durƙusa.

"Bismillah, Hajiya. Ga abin da muke sha."

Zakiyya ta dubi ruwan, ja-ja-jir, har da 'yan ƙwari suna iyo.

"Inna, ina kuke ɗebo wannan?"

"Ai tsohon ruwa ne, na wanki," in ji Hammawa da sauri.

Zaituna ta kalli mijinta. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har ta fara fidda rai. Sai ya gyara tsayuwa.

"Hajiya, saka takalminki. Da ɗan nisa, amma zan kai ki."

*

Kafin sati ya zagayo aka sauke Abdulmutalib, wai ba ya biyayya. Abin ya yi masa zafi, ita ma ta yi kuka a ɓoye.

Wata biyar bayan nan masu haƙa rijiyar burtsatse suka zo, don bankin ya ce a gyara rahoton, a kuma gyara aikin. Ranar da ruwa ya fito, Zaituna ta iske layi har bakin masallaci. Can tsakiya ta hango mijinta, da hula kawai a kansa, yana jira kamar kowa. Mata suka dinga matsa masa ya wuce gaba, ya ƙi.

Ta ƙarasa ta ajiye bokitinta kusa da nasa.

"Malam, matsa mini," ta ce.