Kayan Mai Jif

Zare da maɓallai Na'imatu ta fito saye a kasuwar Mubi. Amma a bakin layin masu kayan mota sai ta tarar mutane sun yi da'ira ana ta dariya, ita kuwa tun tana yarinya ba ta iya wuce taro ba tare da ta leƙa ba.

Wani dattijo ne zaune a kan buhun gyaɗa, ya shimfiɗa leda a gabansa, ya ɗora wani ɗan akwati mai ruwan toka da igiyar wuta a gindinsa. Firjin mota ne, irin wanda ake jonawa a cikin jif. Wani mai shago yana tsaye a kansa, ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, dattijon yana ta girgiza kai.

"To Baba, faɗi naka kuɗin mana."

"Ka san shi ne?" in ji dattijon.

"Na san wa? Firji ne fa, ba mutum ba."

"To ba na sayarwa ba."

Aka sake kwashewa da dariya. Wata mai tumatir da ke gefe ta ga Na'imatu ta buɗe baki, sai ta yi mata bayani ba a tambaye ta ba. Sunansa Baba Kwaji, manomi ne daga Betso. Duk ranar kasuwa sai ya zo da abu ɗaya. Wancan karon akwatin sifika ne, kafin shi 'yan ƙananan talabijin irin na bayan kujera, akwai ranar da ya zo da labulen tagar mota. Ya yini a rana, kowa ya taya ya yi masa tambayar nan, da yamma ya ɗaure kayansa a bayan acaɓa ya koma.

"Wasu sun ce tun gudun nan kansa ya taɓu," in ji mai tumatir.

Na'imatu ta matsa don ta ga mutumin da ke biyan kuɗin acaɓa don ya zo ya ƙi ciniki. Sai idonta ya sauka a hannun firjin. Ya karye ta gefe ɗaya, an ɗaure shi da ƙyallen atamfa shuɗi mai furen ɗorawa. Ta san atamfar. Ragowar ɗinkin sallah ne na wata maƙwabciyarta a unguwar Yelwa, kuma ita da kanta ta ɗaure shi, tana mita.

A nan dariyarta ta tsaya.

Mijinta Mika'ilu ɗan kasuwa ne, hatsi yake lodi zuwa Kudu. Shekarar da wake ya yi masa daɗi ya tafi Kwatano ya dawo da baƙar jif, ƙatuwa, tana ƙyalli. Unguwa ta fito kallo. Sai dai tun ranar farko motar ta nuna halinta, domin ta ƙi shiga lungunsu. Aka gwada ta gaba, aka gwada da baya, ta ɗauke wa maƙwabci kusurwar katanga, a ƙarshe aka nema mata wurin kwana a harabar wani gidan mai can bakin titi. Mai jif ya riƙa hawa acaɓa yana zuwa inda jif ɗinsa take. Mai kuwa tana shansa kamar ba za ta sake gani ba. In wata 'yar fitila ta kunna a gabanta, makanikan Mubi su taru su leƙa, su ce sai Yola. Shi ko a jikinsa. Duk tafiya sai ya dawo mata da tsaraba, yau sifika, gobe labule, jibi firji, har bayan motar ya cika ba wurin ajiye buhu ɗaya.

"Baban Ummi," takan ce masa, "wannan ba mota ka saya ba, baƙuwa ka sauke."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, ƙarshen daminar 2014, ya tura ta da 'yarsu Ummi cikin ayarin maƙwabta. "Ku yi gaba a ƙafa, in ɗauko mota in same ku a hanya." Ta roƙe shi ya bar motar, ya ce a ƙafa ba za su kai ko'ina ba. Ta yi ta waiwaye har ƙafarta ta kumbura, har wata motar shanu ta kwashe su zuwa Yola. Bai zo ba.

Yanzu an shiga damina ta biyu da dawowarsu. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya ga jif. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Yayanta Khalid ya sha ce mata ta je gaban alƙali a raba auren ta huta, ita kuma ta ce ba za ta cire kanta daga auren mutumin da wataƙila yana wani gari yana nemanta ba, kuma ba za ta yi wa mai rai takaba ba. Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne haushi. Tana jin haushinsa kullum, safe da yamma, don a ganinta an ba shi zaɓi tsakaninta da mota, ya zaɓa.

Ta jira taron ya watse, sannan ta durƙusa gaban ledar.

"Sannu Baba."

"Yawwa 'yata. Kin san shi ne?"

"Na san wanda ya ɗaure wannan ƙyallen."

Dattijon ya dube ta sosai. Ya ce ta faɗa masa kamannin mai kayan. Ta ce dogo ne, mai jiki, yana da wushirya, in ya yi sauri numfashinsa yakan fita da ƙara. Baba Kwaji ya cire hularsa, ya mayar, ya fara naɗe leda.

"Mu je gida. Matana zai gaya miki. Ni bakina ba ya iyawa."

Na'imatu ba yarinya ba ce, ta ji abin da ke cikin maganar. Amma akwai tambaya guda da mutum kan riƙe a bakinsa don muddin bai yi ta ba, ba a ba shi amsa ba. Ta kwatanta wa mai tumatir gidan Khalid, ta roƙe ta ta gaya masa ya kula da Ummi, ta hau acaɓa ta bi bayan na dattijon. Da hanya ta ƙare suka sauka suka bi turba cikin dawa, ita tana ta jero masa wasu tambayoyin. Ta yaya firji ya zo hannunsa? Me ya sa ba ya sayarwa? In ba zai sayar ba, me yake kai shi kasuwa?

"Shi ya ce in sayar," in ji Baba Kwaji. "Ya ce ba ya so kuma. Amma in na sayar, wa zai gane shi? Mun je masallaci da yawa, mun ce mai baƙin jif. Suka ce wane daga ciki? Sunansa bai faɗa ba, ranar kowa yana ɓoye suna. Lamban mota da takarda ya zubar a hanya, kar a ce na gwamnati ne. Sai matana ya ce, kaya yana da ido, kai shi inda mutane suke."

Kafin su isa gidan ta hango jif ɗin. Tana tsaye a gefen mayo, wato rafin ƙauyen, ƙarƙashin wata tsamiya, tayoyi sun kwanta, baƙin ya koɗe, kabewa ta hau rufin ta yi 'ya'ya. Na'imatu ta kewaya ta, ta leƙa ta gilashi. Cike take da buhunan gyaɗa har kujerar direba.

"Ɓera ba ya shiga," in ji dattijon, kamar mai ba da haƙuri. "Amfaninsa ke nan da muka samu."

Dariya ta kufce wa Na'imatu. Ga dai baƙuwar nan an samo mata aikin yi.

Matar gidan, Mama Hanatu, ta fito tana goge hannu da zani. Mijinta ya yi mata magana da yarensu, ta dafe ƙirji, ta kama hannun Na'imatu ta zaunar da ita a kan turmi da aka kife. Ta kawo ruwa, ta jira ta sha, sannan ta fara.

Ranar, in ji ta, babbar hanya ta toshe, motoci suka riƙa kwararowa ta ƙauye ana neman hanyar dutse. Su suna bakin hanya da tsofaffin unguwa da surukarta mai tsohon ciki, ba wanda ya tsaya. Jif ɗin ma ya wuce, sai ya yi baya. Mutumin ya sauko, ya buɗe bayan motar, ya dubi kayan da ke ciki, ya dube su. Sai ya fara fizge wayoyi. Ya jefo akwatin sifika, ya jefo firji, ya ce wa Kwaji ya kwashe ya sayar. Ya loda tsofaffi har a kan cinyar juna.

"Da muka zo mayo, ruwa bai kai gwiwa ba. Mashin yana wucewa. Wani tsohon akori-kura ya wuce yana tari. Shi ya ce kar mu damu, wannan mota don irin wannan hanya aka yi shi. Muka shiga, tsakiya sai duk fitila ya kunna, mota ya mutu."

"Haka take," in ji Na'imatu. "Ko an wanke mata inji sai ta yi fushi. Sai ya yi yaya?"

"Ya zagi mota. Zagi sosai, har tsofaffi suka yi dariya cikin tsoro. Sai ya tattare riga ya fara goyo."

Ya goya su ɗaya bayan ɗaya zuwa tsallake, shi da Kwaji, daga nan suka hau dutse da su zuwa wani kogo da mutanen ƙauyen suka sani. Da aka zauna, kowa yana haki, shi ya miƙe zai sauka. Suka riƙe shi, ya ce a'a.

"Ya ce, matata tana hanya da yarinya, na ce mata zan zo da mota, tana waiwaye yanzu."

Na'imatu ta ajiye kofin ruwan a ƙasa.

Ya koma cikin mayo, in ji Mama Hanatu, ya murɗa makulli har batir ya ƙare. Ya sa kafaɗa yana turawa shi kaɗai, mota irin wannan. Kwaji ya sauka ya same shi zaune cikin ruwa ya jingina da taya, ya riƙe ƙirji. Suka ɗauko shi zuwa gida. Bai kai la'asar ba.

Tambayar da ta riƙe tun kasuwa ta sami amsarta ba tare da ta yi ta ba. Abin da ya fara zuwa mata kunya ce, mai zafi, ta duk safiyar da ta tashi tana jin haushinsa. Baƙin cikin ya biyo baya.

"Ina yake?"

Suka kai ta bayan gonar masara. An jera duwatsu, an share ciyawa, an kewaye da ƙaya saboda awaki. Baba Kwaji ya tsaya nesa kaɗan, hula a hannu, ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsu. Su ba su san yadda Musulmi suke yi ba. Wani makiyayi, Jibrilla, da ke ɓoye a dutsen, shi ya sauko ya yi masa wanka, ya nuna musu gabas, ya tsaya ya yi sallah shi kaɗai su suna bayansa.

"Farin ƙyalle ne babu," in ji Mama Hanatu. "Sai na ba da farin mayafina na zuwa coci. Sabo ne, sau ɗaya na sa, na wanke. In laifi ne, 'yata, ki gaya mana."

Na'imatu ta girgiza kai. Ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshinta, ta daɗe a haka. Sannan ta durƙusa gefen duwatsun ta yi masa addu'a, ta gaya masa Ummi ta shiga makaranta, ta gaya masa sun isa lafiya.

Da ta miƙe, ta kai hannu kunnenta ta zare 'yan kunne, ta cire awarwaro, ta ƙulle su a bakin gyale.

"Mama, ara mini zani marar ado. Da shi zan koma gida."