Raɗin Sunan Rami

Bidiyon ya kai ƙarshe, Musye Salmanu ya sa yatsa ya sake dawo da shi farko, kamar wanda wani abu ya faɗi masa a ciki. Abdulmuhaimin yana zaune a gabansa kan kujerar roba, hula a gwiwa, yana kallon kansa a wayar wani. Ga shi nan cikin babbar riga mai aiki, a tsakiyar titin Amriguébé, yana rabon goro.

Titin nan da ganga da jawabi aka buɗe shi a farkon damina. Ruwan farko da ya sauka ya haifar masa rami, daidai ƙofar shagon da Abdulmuhaimin yake sayar da kayan babur. Mutumin kirki ba ya barin jariri babu suna, don haka ya jira kwana bakwai kamar yadda aka gada, ya tara 'yan unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro da dabino. Abokinsa Yunusu, mai haya da babur, ya zama wanzami, ya durƙusa ya aske ciyawar bakin ramin tas. A madadin rago aka kayar da tsohuwar taya aka yanka. Sannan Abdulmuhaimin ya miƙe ya sanar cewa yaro ya ci suna Alkawari, ya kuma ba jama'a haƙuri: uban jariri, mai girma Daraktan Hukumar Ƙawata Unguwanni, bai samu halarta ba, yana unguwar Boutalbagar, can ma an yi masa haihuwa.

Birni ya yi dariya har ya gaji. Wannan dariyar ce ta kawo shi yau gaban Kwamitin Tsabtace Harshe a Kafafen Sadarwa, ɗakuna biyu masu sanyi waɗanda wutarsu ba ta san ɗaukewa ba.

Salmanu, jami'in kwamitin, ba baƙo ba ne a wurinsa. Tare suka yi karatun allo a zaure ɗaya, bulala ɗaya ta tashe su. Yanzu dai ya sa kwat, ya koyi magana a hankali irin ta wanda ba a katsewa.

"Wallahi na yi dariya, Muhaimin," in ji shi, ya kife wayar. "Amma a gida na yi. Yau a buro nake, bakin aiki."

Daga nan ya shiga bayani. Ya ce babu wanda ya hana kowa magana a ƙasar nan. 'Yancin faɗin albarkacin baki abu ne mai daraja, darajarsa ce ma ta sa aka kafa kwamiti sukutum don kula da shi, domin ko akuya in kana son ta ai ɗaure ta kake yi. Ya ce suka halal ce, matuƙar ba ta ambaci mutum ba, ko hukuma, ko aiki, ko wuri. Abdulmuhaimin ya so ya tambayi me ya rage, sai ya tuna ba a waya yake ba, ya haɗiye. Ya riga ya shirya wa tara, har kwana ɗaya ko biyu a kulle ya shirya wa, ya ci tuwo sosai kafin ya fito.

"Yaya Inno?" Salmanu ya tambaya, yana gyara alƙalami a kan tebur. "Na ji baɗi za ta sauke farali, in sha Allahu."

Wannan kam Abdulmuhaimin bai shirya wa ba: Inno mahaifiyarsa ce.

Kakan Inno da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai tafi Makka. Ya iso bakin kogin Shari, ya ajiye kaya ya ce zai ɗan huta. Hutun nan ne ya haifi 'ya'ya da jikoki da shaguna. Har yau a gidansu ba a cewa an zauna a garin nan, cewa ake an yada zango. Butar ƙarfen da tsohon ya taho da ita tana ɗakin Inno cikin jakar fata, kuma Inno ta yi rantsuwa da bakinta sai butar ta ƙarasa tafiyarta. Ga shi ido ya fara dushewa, gwiwa ta fara gardama, likita ya ce in za a je a je da wuri. Masu shirya tafiyar sun ce a kawo fasfo kafin ƙarshen wata ko a ba wani kujerar, fasfon kuwa yana can wani ofishi yana jiran sa hannu.

"Takarda ma ƙafa gare ta," Salmanu ya ci gaba cikin taushi. "Wata ta yi sauri. Wata kuma ta yada zango."

Ya san inda ya taɓa, ai a gidan ya sha fura yana yaro. Abin da ake so kaɗan ne, in ji shi: sabon bidiyo, a wuri ɗaya, cikin riga ɗaya, kafin la'asar. Kalmomin ma ba sai ya wahalar da kansa ba, kwamiti ya tanada, za a turo masa a waya. Abdulmuhaimin, wanda bakinsa bai taɓa rasa amsa ba tun yana ɗan yaye, ya sa hularsa ya ce, "To, Shef."

Yunusu yana jiransa a waje kan babur. Da ya ji yadda aka yi, ya hau faɗa tun daga bakin ofis har unguwa: namiji ba ya lashe amansa, in an ba da kai yau gobe wuya za a nema, shi da shi ne sai dai a kashe shi. Abdulmuhaimin ya sauka daga babur ya shige gida. Jarumtaka tana da daɗin faɗi a bakin wanda uwarsa ta riga ta je ta dawo har da haƙorin Makka.

Rana ta take tsaka lokacin da ya fito cikin babbar rigar. Alkawari ya yi ƙiba tun bayan suna, ya cika da koren ruwa, agwagin maƙwabta suna ta iyo a ciki. Abdulmuhaimin ya tsaya inda ya tsaya wancan karon, ya juya wa ramin baya don kada ya gan shi. Yunusu ya ɗaga waya yana ƙunƙuni.

Abdulmuhaimin ya fara karanto abin da aka turo, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya gode wa mai girma Darakta bisa wannan titi da idon unguwa bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ce abin da 'yan hassada suke kira rami, 'yar gajiya ce irin wadda kan sami kowace kwalta mai aiki tuƙuru, kuma hukuma tana sane. Ya roƙi gafarar duk wanda wasansa ya ɓata wa rai. Da ya zo nan sai fuskar Inno ta faɗo masa, muryarsa ta yi rawa, idonsa ya kawo ruwa. Da zuciya ɗaya yake roƙon, tsoro ne fal cikinsa, kuma bai taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan tsayuwar ba.

Abin da bai gani ba, a bayansa motar tukwanen ƙauyen Gaoui ta iso kamar kullum. Kamar kullum kuma direba ya tsaya, mata suka sauko, suka shiga sauke tuluna ɗaya bayan ɗaya suna tsallakar da su a ka, motar ta lallaɓa ta gefe babu kaya. Ba wanda ya yi mamaki, aikin kowace rana ne. Yunusu ya gani sarai, amma ya ce a ransa ba a ɗauke shi aikin gyara duniya ba. Shi kuwa Abdulmuhaimin ko kallon bidiyon bai iya yi ba. Ya rufe ido ya saka shi a kafar sadarwa, ya shige shago ya zauna tsakanin tayoyi.

Kafin a kira la'asar wayarsa ta ɗau zafi. Ya buɗe yana jiran zagi, don ya san ya cancanta. Sai ya tarar ana ta kirari. Wani ya rubuta cewa wannan ya fi na ranar suna. Wata ta ce a duba yadda yake karkarwar murya, wallahi yaron nan ɗan wasa ne na gaske. Wasu suka yanko wajen "'yar gajiya" suka haɗa da matan da ke ɗauke da tuluna, suka sa masa kiɗa. Ɗalibai suka fassara shi da Larabci da Faransanci. Wani mai sharhi daga ƙasar waje, wanda bai taɓa taka Amriguébé ba, ya bayyana cewa hawayen alama ce ta kukan talakawa, ya kira shi murya mara tsoro.

Mutane suka fara tururuwa zuwa shago. Wani dattijo da bai taɓa amsa masa sallama da kyau ba ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce an kira shi an tsorata shi, ya fito ya ƙara musu da wanda ya fi zafi, haka maza suke. Yunusu ma ya manta faɗan da ya yi, yana gaya wa kowa tare suka tsara. Abdulmuhaimin yana murmushi yana karɓar gaisuwa. Ya yi ladabi iyakar iyawarsa, duniya ta ƙi yarda. Yanzu kam ya tabbata fasfon Inno sai dai jikokinta su gada tare da butar.

Gab da magariba wata farar mota ta tsaya can nesa da ramin, don direban yana son motarsa. Salmanu ya fito ya tako a ƙafa yana ɗage ƙafar wando. Taron ya watse a hankali, kowa ya tuna yana da alwala. Suka shiga cikin shago su biyu.

Salmanu ya ce Darakta ya gani. Ya gani har ya sa an sake kunna masa, ya ce tun da ya hau kujerar nan ba a taɓa yabonsa daga zuci irin haka ba, har da hawaye. Da aka gaya masa yawan waɗanda suka kalla, ya ce ashe jama'a suna ƙaunarsa haka. A duk ofishin ba a sami mai ƙarar kwanan da zai karanta masa abin da ake rubutawa a ƙasa ba.

"Kai fa?" Abdulmuhaimin ya tambaya. "Ai kai ka karanta."

"Ni aikina in kai masa, ba in fassara masa ba." Ya zaro fasfo daga aljihun kwat, sabo fil, ya ajiye a kan kwalin batir. "Jama'a sun samu dariyarsu, Darakta ya samu yabonsa, Inno ta samu takardarta. Wa ya yi asara? Kalas, shi ke nan."

Ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo, kamar abin bai dame shi ba. Ya ce ranar Juma'a akwai wata kwata da za a buɗe a Boutalbagar, Darakta yana son a zo da wannan rigar dai. Kalmomi za su iso a waya. Ya ƙara da cewa fasfo mafari ne kawai, akwai biza a gaba, akwai filin jirgi, kuma baɗi da sauran nisa.

Inno tana tsakar gida kan tabarma, ta idar da salla. Ya durƙusa ya sa mata fasfon a hannu. Ta shafa bangon, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi. Sannan ta jawo jakar fata ta zura shi kusa da butar, ta ɗaure bakin. Farin cikinta a fili yake, shi ma sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa.

Ta ce matan maƙwabta sun shigo sun kunna mata abin nasa, sun yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Ni ban yi ba," in ji ta. "Idona bai ga tukwanen da suke faɗi ba, muryarka kawai na ji. Na san muryar nan, Muhaimin. Da ita ka roƙi likita ranar da babanka ya cika. Ba wasa kake yi ba."

Duk birnin nan, mai kallo da wanda aka yi dominsa, mutum ɗaya ce ta ji abin da ya faɗa, ita ce kuma wadda ya so kada ta ji. Ya sunkuyar da kai. Ya gaya mata ba wani abu ba ne, akwai dai ɗan wani bidiyon ranar Juma'a, wataƙila da wani bayansa.

"Na ɗan lokaci ne, Inno. Ki je ki dawo kawai, sai in koma yadda nake."

Inno ta ɗora hannu a kan jakar. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce ta fasa ba.

"Zan je, in Allah ya yarda," ta ce. "Amma haka kakana ya faɗa ranar da ya ajiye kayansa a bakin kogi."

A waje wasu samari suna wucewa suna kwaikwayon muryarsa, suna "'yar gajiya ce, hukuma tana sane," suna shewa suna kiran sunansa. Abdulmuhaimin ya tashi ya shiga ɗaki. Ya ɗauko babbar rigar daga inda ya jefar da ita, ya duba gefen da lakar Alkawari ta taɓa, ya fita neman sabulu, don Juma'a ba ta da nisa.