Haƙorin Ɗahiru

Tun da ruɗewar tsufa ta kama Baffa Sale, mutum ɗaya ya rage masa a duniya, Mudassir, ɗan ƙanensa. Shi ma ba da sunansa yake kiransa ba. Ɗahiru yake ce masa, sunan uban Mudassir, wanda ya nutse shekara talatin da suka wuce yana su a saman tsohon garinsu da ruwan Tiga ya cinye. Mudassir ya gaji haƙorin uban, na gaba, wanda ya hau kan na kusa da shi. Sai tsohon ya ga haƙorin nan yake buɗe baki ya karɓi kunu. Ko Dije, matar tsohon, ce ta miƙo, kau da kai yake yi.

Da Mudassir ya samu aikin ofis a Bebeji, sai ya fara jin kunyar yin dariya. Ya je Kano, likitan haƙori ya ɗaura masa waya, ya ce sai an shekara biyu. Dije ba ta damu ba, don ta san tsohon ba zai kai ba. Amma Mudassir ya ƙi jira. Ya karɓo wata 'yar na'ura mai jan haske da ake cizawa minti goma kullum, wai tana gaggauta matsawar haƙori. In ya ciza, kumatunsa su yi jajir kamar ya gumtsi garwashi. Dije ta roƙe shi ya bar wa tsohon abin da yake gane shi da shi. Ya ce ai muryarsa tana nan. Son kai ne, ba shi da wani suna.

A wata na tara haƙorin ya shiga layi. Da hantsi Mudassir ya durƙusa da ƙoƙon kunu, ya yi murmushi. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya gyara riga, ya gaishe shi gaisuwar baƙo, har da tambayar hanya.

"Baffa, ni ne fa. Ɗahiru."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ɗahiru yanzu ya fita. Ya ba ni, na ƙoshi."

Dije ta dubi dokin ƙofa. A jiƙe yake, alhali tsakiyar rani ne, ɗakin kuma sai ƙarnin laka.

Kwana huɗu ko ruwa tsohon bai karɓa ba. Mudassir ya koma Kano ya roƙi likita ya mayar masa da haƙorin yadda yake. Likita ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya ce ko da zai yarda, sai an yi watanni.

A rana ta shida Mudassir ya zauna a bakin ƙofa riƙe da ƙoƙon, ya kasa shiga. Ba kowa a ciki sai tsohon. Amma Mudassir yana jin ƙarar haɗiya daga ciki, a hankali, kurɓi bayan kurɓi.

"Ya isa haka, Ɗahiru," in ji tsohon. "Kama ni in tashi."

Kafin azahar aka fara haƙa kabarin Baffa Sale.