Tabon da Ba Ya Wankuwa

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana ce wa mutane kar su motsa, sai ga shi yau an kwantar da shi a bakin na'ura ana gaya masa haka. Wallahi dariya ta kusa ƙwace min, ga hawaye kuma a kusa.

Mai hoto ne, irin na da, masu wanke fim da hannu. A ɗakin duhun shagonsa na girma, ƙarƙashin jan ƙwan lantarki, yana shanya fuskokin mutane a igiya, ni kuma ina tsokanar masu manyan kunnuwa, yana cewa in rufa masa asiri kar masu su su ji. Har yanzu warin ruwan maganin nan yana hancina.

Kwanan nan ya fara ajiye makulli a firji, yana maimaita tambaya, rannan kuma ya dube ni ido cikin ido ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Shi ne na tasa shi gaba sai asibiti, yana ta mita wai na raina shi. Tsorona ɗaya ne, ranar da zan shigo ya tambaye ni ko ni wace ce.

Aka yi masa allura, muka jira, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitar ta juyo mana da allon kwamfuta, ta nuna wasu wurare ja-ja. Ta ce wani sinadari ne mai suna furotin ke taruwa yana daskarewa a nan, kuma irin wannan mantuwar da shi take farawa.

Baba ya gyara tabarau, ya matso, ya taɓe baki. Ya ce wanda ya wanke hoton nan bai iya aiki ba, duk ya bar tabo, a ba shi fim ɗin ya sake wankewa. Likitar ta sassauta murya ta ce, Baba, wannan tabon ba a jikin hoton yake ba.

Ya gane sarai, ni kuwa zuciyata ta karye.

A hanyar gida ya ce mu biya shago. Ya kakkaɓe kujera, ya jawo koɗaɗɗen labulen ɗaukar hoto mai zanen teku, ya ce in zauna. Na ce haba Baba, hotunana sun cika gida, kuma ko hoda ban shafa ba.

"Waɗancan na yarinya ne," in ji shi, yana saita kyamara. "Zauna, Auta. Bari in ɗauke ki tun ina sanin wa nake ɗauka."