Gefen da Maigari Bai Juya Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da rediyo da kaset a kasuwar Filinge, kuma ban taɓa samun mai saye da ya wahalar da ni kamar Habsa ba. 'Yar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka ko ba ta sayi ko allura ba tana da ikon ta zauna a bencina ta kushe mini kaya. Lahadi biyu a jere ta yi haka. Ta zo daga ƙauye a kan amalanke, ta ɗauki wannan, ta ajiye, ta ɗauki wancan, ta ce duk tarkace ne, ta sha ruwana ta tafi.

Zamanin soja ne, shekara uku bayan yunwar tamanin da huɗu. Yunwar nan ce ta kori mijinta Kailu zuwa Abijan, kamar yadda ta kori rabin mazan ƙasarmu ta Kurfai. Wasu sun dawo da aka samu damina, shi bai dawo ba. Daga shi har ita babu mai karatun boko, saboda haka wasiƙarsu kaset ce. Guda ɗaya tak, mai baƙin gida, ita ke zuwa ita ke komawa a aljihun Hamani, wani Bazabarme mai kai raguna Abijan duk bayan wata huɗu ko biyar.

A ƙauyensu kuwa manyeto, wato rakoda, ɗaya ne, na Maigari. In kaset ta iso, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa bayan la'asar, gari duka ya hallara, har da waɗanda Kailu bai taɓa ba su ko goro ba. Kailu ya fara gaisuwa daga sama: Maigari, liman, uwarsa Tambara, ƙannensa, maƙwabta, ya tambayi lafiyar jaki. Can ƙarshe sai ya ce, “Ina gaida mutanen ɗaki.” Rabon Habsa ke nan, kalma huɗu a wata biyar, kuma a gaban surukarta za ta ji su, kai a sunkuye. Da ya ce ya gama, Maigari zai kashe, ya ciro kaset ya mayar da zare baya da bik, wato biro, don shi a wurinsa pil, batir ke nan, ya fi man fetur tsada. Ranar amsa kuma a kan muryar Kailu ake ɗauka. Manya su yi ta magana har zare ya ƙare, Tambara ta ce ya zauna ya ƙara neman abin da zai aiko, ƙasa ba ta gama warkewa ba. In an zo kan Habsa sai ta ce, “Lahiya lau muke,” ta ja baya.

Ni na san abin da ke cinta, ko da yake ba ta taɓa faɗa mini ba. So take ta san ko mutumin nan yana da niyyar dawowa, ko kuwa ita ma ta zama kamar jakin, a tambayi lafiyarta a wuce.

Ta sayar da akuyarta, kuɗin kuma na abu ɗaya ne. Abu biyu ta kasa zaɓa a tsakaninsu. Akwai ɗan manyeto mai marfi da hannun riƙewa, yana cin manyan pil huɗu, yana ɗaukar magana, in ka buɗe shi ana ji har bayan danga. Akwai kuma wokman, wanda bai wuce tafin hannu ba, pil ƙanana biyu, da abin sawa a kunne. Ba ya ɗaukar magana, amma abin da ya faɗa maka, kai kaɗai ya faɗa wa. Ni manyeton nake tura mata, kuma ba zan yi ƙarya ba, ribarsa ta fi.

“Ki ɗauki babban,” na ce mata. “Ki zama Maigari ta biyu, mata su riƙa yi miki layi.”

“In zan Maigari in riƙa lissahin pil kamar mai lissahin kwanan mutuwa? Ƙaramin ga nika so. Amma kai ɓarawo na, Lawali, ƙila babu komi cikinai sai iska.”

Dabararta ita ce, in kaset ta zo an gama ji a bainar jama'a, ta roƙi aronta kwana ɗaya, ta shiga ɗaki ta saurari kalma huɗun nan ita kaɗai, sau nawa ta ga dama. Ta ce ƙila in ta ji da kyau za ta gane daga muryar ko da gaske yake gaisuwar. Na yi mata dariya a lokacin, amma da ta tafi sai da abin ya tsaya mini a rai.

Lahadi ta uku ta zo da kaset ɗin kanta, ƙulle a bakin zane. An riga an ɗauki amsa jiya, an ba ta ta kawo wa Hamani, wanda zai shiga motar Yamai bayan la'asar. Ta ce yau za ta saya, amma ba za ta gwada da kaset ɗin waƙoƙina ba, wai na san yadda na gyara su don su yi daɗi. Da tata za ta gwada.

Na karɓa na duba. Zaren duk ya taru gefe ɗaya, don Maigari in ya gama ɗauka ba ya mayarwa, sai ya bar wa Kailu wannan aikin a can inda ake da lantarki. Na ga in na tsaya mayarwa pil ɗin gwajina zai ci, ni ma kuwa ba gadon pil na yi ba. Sai kawai na juya kaset ɗin na sa a wokman ta ɗaya gefen, na ce ko shuuu ta ji ai ta san abin yana aiki. Na ɗora mata abin kunne a kan kallabi, na danna.

Ta buɗe baki za ta zage ni, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ta dafa tebur, ta zauna a benci a hankali. Na tambaye ta ko ƙarar ta yi yawa, ta ɗaga mini hannu ba ta dube ni ba.

Rabin awa ta yi a haka. Na sayar da pil, na yi ciniki da wani Buzu a kan rediyo mai gajeren zango har muka rabu ba mu daidaita ba, mai fura ta zo ta wuce, Habsa tana zaune, hannu biyu a kan kunnuwa, idonta a kan ƙafafun mutane. Sau ɗaya ta yi murmushi. Daga baya hawaye suka riƙa sauka, ba ta share ba, ni kuma na yi kamar ina gyaran wata eriya.

Da ta cire abin kunnen sai ta ce, “Shi na.”

“Wa?”

“Mutumin naku. Tun tahiya ta hwarko shina yi min magana nan baya.”

A guntu-guntu ta faɗa mini, ni ma ban matsa ba, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ashe duk lokacin da Kailu ya gama gaisuwar gari, sai ya juya kaset ya yi mata tata maganar ita kaɗai. Ba ya share ta baya, daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Sau bakwai ke nan. Ya ba ta labarin ɗakin da suke kwana su shida, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da yadda ya ga wani zane a kasuwa ya tsaya yana kallo har mai shago ya kore shi. Ya ce ya zana 'yar da'ira da bik a gefen don ta gane, kuma ba zai iya aiko Hamani da baki ba, tunda bakin Hamani ba shi da ƙyaure. A tunaninsa kowa ya san kaset gefe biyu gare ta, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a bar mata ita ta kwana a hannunta. Na duba, ga da'irar kuwa, har ta fara gogewa. Shi Maigari tun da ya sayi manyetonsa yake cewa gefe ɗaya ya ishi mai gaskiya.

Kowace magana da tambaya ɗaya take ƙarewa. Ya ce ya ji na Inna, ya ji na Maigari, nata yake jira: ya taho ko ya zauna? Duk sanda kaset ta koma, sai ya tura zare zuwa inda ya tsaya ya kasa kunne, ya ji babu komai. A ta biyar ya tambaya ko fushi take. A ta shida bai yi minti biyu ba. A ta bakwai ya ce an yi masa tayin gadin wata gonar koko can cikin daji, shekara biyar, inda Hamani ba ya zuwa. In wannan karon ma ya ji shiru, ya gane, kuma ba zai ƙara tambaya ba.

Na ji haushi ƙwarai, na rasa wa zan ji wa. Kaza ta kwana a kan dami shekara uku, saboda tsohon da ke tsimin pil da kuma namijin da kunya ta hana shi aika kalma ɗaya. Har da ni a ciki, da nake sayar da kaset tun safe har yamma ban taɓa tambayarta ko suna juyawa ba.

“To, kin ga babban za ki saya,” na ce. “Ga sabuwar kaset kyauta, ki tafi gida ki yi masa magana a natse. Wannan kuma ki riƙe, muryarsa ce.”

Ta dubi inuwar rumfa, ta kusa kai inda take kaiwa in an kusa kiran la'asar. “Hamani ba shi jira in kai gida in komo. Kuma ba sabuwa za shi duba ba. Nan inda yat tsaya za shi duba, nan yaka dubawa kullum.”

Na ɗaga kaset ɗin ga haske. Abin da ya rage na zare bai kai kaurin farce ba, minti ɗaya da 'yan kai in an yi sa'a. Na gaya mata. Na kuma gaya mata babu wurin ɓuya a kasuwar nan ranar Lahadi: ga mai tebur na dama, ga masu jiran gyara mutum uku, ga wata ƙanwar Tambara can tana taya tabarma, ko da yake ta ba mu baya.

“Sa ta,” ta ce.

Na sa kaset a manyeton da ta ƙi saye, na duba na tabbata ba zan taka masa magana ba, na danna jan maɓalli tare da na kusa da shi. Zare ya fara tafiya. Habsa ta ƙura wa manyeton ido. Ina kallon zaren yana raguwa, ina jin kamar in fizge maganar daga bakinta, amma na kame. Mace irin ta Kurfai, wadda ko sunan mijin ba ta taɓa kamawa ba tun ranar da aka kai ta, ga ta a tsakiyar kasuwa za ta faɗi abin da ta kasa faɗa a ƙofar Maigari.

Ta sunkuya kusa da 'yar ragar da ke ɗaukar murya. Ba ta yi raɗa ba, don na riga na gaya mata in ta yi raɗa hayaniyar kasuwa za ta cinye.

“Kailu,” ta ce. Mai tebur na dama ya ɗago kai, ƙanwar Tambara ta juyo. “Ni ta, Habsa. Ba hushi ni kai ba. Ba a taɓa juya min ita ba, yau nij ji duka. Kak ka tahi dajin nan. Ka taho gida, ko babu komi hannunka ka taho. Ni nac ce.”

Ta buɗe baki za ta ƙara, maɓallin ya yi tsalle. Zare ya ƙare.

Masu jiran gyara suka koma kallon rediyoyinsu, ƙanwar Tambara ta ajiye tabarmar da take tayawa ta tafi da sauri, kuma duk mun san inda labarin zai riga Habsa isa. Ita kuwa ta sa na mayar da zaren daidai ƙarshen maganar Kailu, yadda da ya danna ita zai fara ji. Da bik na mayar, a hankali, ina gwadawa a kunnena sau biyu.

Ta ƙulle kaset a bakin zane, ta miƙe. Na tambaye ta wanne zan naɗe mata, babba ko ƙarami.

“Bari dai,” ta ce. “In ya taho, ba ni bukatar ko ɗaya. In bai taho ba, mi zan ji da shi?”

Na bi ta da ido har tasha. Hamani yana tsaye a bayan mota ana ɗaure masa raguna, ta miƙa masa da hannu biyu, ya jefa a aljihun gaba kamar kullum. Ta ce ya ciro ya sa a na ciki mai maɓalli, kuma ba ta gusa daga wurin ba sai da motar ta hau hanyar Yamai.