Rediyon Abba a Teburin Auta

…kuma ko tambayarta ba a yi ba, aka ɗauko rediyon. Ga shi can a tebur na ƙarshe, kusa da taga, an goge shi tas. Wa ya goge? Auta? Yarinyar da ko madubin ɗakinta ba ta gogewa? Ita Umma tana tsaye a bakin zauren makarantar, jaka a hammata, farar rigar ɗakin gwajin jini a naɗe a ciki, tana kallon iyaye suna zagaya tebura kamar masu cin kasuwa. Baje koli ne, in ji Auta. Kowane ɗalibi ya kawo abu uku, ya yi bayani da su a kan yadda mutum ke sanin abin da ya sani. Darasi ne sukutum, har da maki. Ikon Allah. A zamaninsu malami ya faɗa, ka rubuta, ka haddace, ka amayar ranar jarrabawa…

Ta yaya kika sani, Umma? Tun da aka shiga wannan difloma ta ƙasa da ƙasa bakinta bai huta ba. Za a yi ruwa — ta yaya kika sani? Gishiri ya ji — ta yaya kika sani? Ita da ke leƙa ɗigon jini ta faɗi cutar mutum, yau 'yar cikinta ke neman shaida.

A cire ta, in ji Yaya, wan marigayi mijinta, yana kaɗa makullin mota. Shekara biyu ana koya wa yaro musu, sannan a miƙa masa takardar da za ta kai shi uwa duniya. Ki mayar da ita cikin sa'o'inta. Ta ce bari ta gani da idonta tukuna. To, ga ta. Daga nan sai ofishin shugabar makaranta, ƙofa ta biyu a hagu: ko Auta ta wuce shekara ta biyu, ko a cire ta. Kalma ɗaya ce.

Wani yaro ya kawo takalmin gudu. Me takalmi ya sani? Amma fa tana son ji… da za a ba ta kujera a bayan aji, ba wanda zai ji motsinta. Darussa shida, ga dogon rubutun bincike, ga aikin sa kai — yaushe suke barci? Ita kuwa yaushe rabon da wani ya tambaye ta abin da ba sakamakon gwaji ba?

Teburin Auta. Ma'aunin zafin jiki, wanda ta gaji da nema a durowa, ashe. Tabaran Kaka mai ƙafa ɗaya. Sai rediyon. A jikin kati, da rubutun nan nata mai kama da tafiyar tururuwa: Idan mai sani ya tafi, ina saninsa yake zuwa?

Auta ba ta lura da ita ba, tana yi wa wani dogon malami bayani. Abbanta kaɗai ke iya tayar da rediyon, mari ɗaya a gefe sai ya kama magana. Ita da yayyenta sun mara har tafinsu ya yi ja, shiru. Ba a rubuta ba, ba a koyar ba, sanin ya bi mai shi…

Baranda, da safe, Abban yana da rai. Singileti, kumfar aski a haɓa, yara sun yi masa zobe. Rediyo da jaki sai mai su, yake cewa, sai fau! labarai su ɓarke, yara su yi tsalle. Ita Umma tana bakin ƙofa da bokitin wanki, daga nan ake ganin bayan rediyon. Babban yatsansa na hagu yana danne murfin batir. Marin na burga ne kawai. Ya kashe mata ido ɗaya…

Sanin bai bi shi ba ke nan. Yana nan, a tsaye, da jaka a hammata.

To me ya hana ta faɗa? Ta ji yaran suna ta mari a falo, ta rufe ƙofar kicin. Ba ta son jin muryar nan ba tare da kumfar aski ba, shi ke nan, ko kuwa? Sanin da aka ɓoye, sani ne? Me dogon malamin zai kira shi? In ta faɗa, ta rushe wa yarinya bayani, maki ya zube — ko kuwa nan ne ma bayanin zai fara? Abubuwa nawa ne irin wannan a cikinta, a jibge kamar kaya a sito, ba wanda ya zo ɗauka? Yaya yana tsoron karatun zai kwashe yarinyar daga gida. Ga shi gidan ta kwaso ta kawo.

“Lah, Umma! Taɓa shi mana, ba ya cizo.”

Hannunta ya riga ta. Robar ta yi sanyi, murfin yana motsi kaɗan, kamar haƙorin yaro. Batirin ma yana da rai? Malamin yana kallo. Auta tana kallo, da idon nan na ubanta. Ƙofa ta biyu a hagu tana jira, Yaya yana jira… babban yatsanta ya sami wurin, daidai, kamar ita ta saba dannawa.

In ya yi magana fa?